Kujerar da ke Gefen Haladu

Shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji, kowa a Kazaure ya nuna iyakar hankalinsa. Wani ya yi wa gidansa rufin kwano, wani ya sayi babur, wani ya biya wa tsohonsa kujerar Makka. Shi kuwa Malam Haladu, malamin dabbobi, mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana bin rugage a kan keke yana yi wa shanu allura, ba a taɓa kama shi da wauta ba, sai ya tashi ya sayi mota mai kujera biyu.

Biyu fa, jama'a! Ta direba da guda ɗaya a gefenta, shi ke nan, bayansu sai wani ɗan lungu da ko buhun gero ba zai shiga ba. Wani Bature ne da ya zo aikin madatsar ruwa zai koma ƙasarsu, ya sakar masa ita da araha. Ja ce wur, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya, tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba, in za ka shiga sai ka zube ka miƙe ƙafafu kamar mai zama a tabarma. Ga sitiyarinta a dama, alhali shekara uku ke nan da aka yi canjin hannu. Duk wanda ya san mota ya san dalilin arahar.

Sama'ilu bakanike ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Malam, wannan ai abin wasan Turawa ne. Dubi cikinta, ƙasa take shara kamar guza. Su can titinsu sumul yake. Kai da aikinka ke Roni da Gwiwa da bayan Babura, ina kai ina ita?"

"Ba ta shan mai," in ji Haladu.

"Akuya ma ba ta shan mai. Ka hau mana."

Matarsa Rahamatu ba ta ma tsaya dogon zance ba. Ta fito zaure ta leƙa, ta waiwayi 'ya'yansu huɗu, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Su waɗannan a ka zan ɗauko su in biyo ka?" Ta koma kan tuwonta.

To, gaskiya dai a faɗe ta, motar ba ta rasa abin yabo ba. Mai kaɗan take sha, galan ɗaya ya kai shi Roni ya dawo har da saura. In ta samu kwalta, hanyar Kano ko ta Daura, sai dai ka ga jan abu ya wulga. Kuma ba ta da nauyi ko kaɗan. A rairayin hanyar Babura, inda manyan motoci ke kafewa a yini ana haƙa, in ta kafe sai Haladu ya fito ya yi wa manoma sallama, mutum biyar ko shida su ɗaga ta cak su ajiye gaba suna dariya. Har akwai ƙauyen da in sun jiyo kukanta sukan ajiye fartanya su fito bakin hanya, don ɗaukar ta ya zame musu nishaɗi, har waƙa suke mata.

Amma wahalarta ta fi yawa. Salansa ta faɗi sau uku kafin damina ta sauka, Sama'ilu ya gaji da walda ya koma ɗaure ta da waya. In ana ruwa, tamfol ɗin a daidai wuyan direba yake yoyo. Akwatin allurai a kujerar gefe yake zama, in an samu fasinja kuma sai ya rungume shi a cinya. Babbar masifar ita ce rage hanya. A ƙasar nan mai mota ba shi da ikon wuce mutum a tsaye. Haladu zai iso bakin kasuwa ya tarar da dattijai uku suna jiran abin hawa, duk sun isa da shi. Ya ɗauki ɗaya, biyu su ƙullace shi. Ya wuce su duka, a ce Udoji ya sa masa girman kai. Lokacin da yake kan keke ba shi da maƙiyi ko ɗaya a garin, amma cikin wata biyar da sayen mota ya koma bin lungu yana zagaye kasuwa kamar mai laifi. Ya gaji da ita, Allah Ya sani ya gaji. Bakin mutane ne kawai ya hana shi sayarwa, kada a ce ai da ma mun faɗa.

Ana cikin haka, damina ta yi tsakiya, wani ɗan rugarsu da ke bayan Gwiwa ya iso ofis da keke, laka har cinya. Ya ce Inna Dela, mahaifiyar Haladu, ta taka ƙaya mako uku da suka wuce, ƙafa ta kumbura, an yi saƙe-saƙi har an gaji, yanzu ko bayan ɗaki sai an riƙe ta.

Sai an san wani abu kafin a gane abin da ya biyo baya. Haladu ɗan fari ne, Fulanin wajen nan kuwa ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido, ba ta zama inda yake zaune. Ana yaye shi goggonsa ta ɗauke shi ta kawo Kazaure, a hannunta ya girma har ya shiga makaranta. Shekararsa talatin da shida bai taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. "Mutumin Kazaure" take ce masa, shi ma sai ta bakin ƙanwarsa Shatu. In ya je gaisuwa, a ƙofar bukka yake tsugunawa, Shatu na tsakani tana kai magana tana kawowa. Bai taɓa ganin laifin kowa ba, haka ya taso ya tarar. Sai dai in ya ga Shatu, da girmanta da 'ya'yanta, ta sa kai a cinyar Inna ana yi mata kitso, yakan kawar da kai, abin na cin ransa har ya koma gida.

Ya kama hanya da sassafe. Har Gwiwa hanyar burji ce, da dama-dama. Daga Gwiwa zuwa ruga kuwa mil bakwai ne na turba, a tsakiya ga fadama, ga wani rafi da tun da ruwa ya zauna babu motar da ta ƙetare shi. Manoma shida suka tattare wando suka ɗauki jar motar suka fitar da ita ɗaya gefen. Da hantsi ya isa.

Tun kafin ya tsuguna a ƙofar bukka ya ji warin, kuma ya san shi. Warin da in ya ji a ƙafar saniya yakan ce wa mai ita ya nemi mahauci tun tana da sauran nama. Duk da haka ya yi gaisuwa yadda aka saba, Shatu ta amsa a madadin Inna. Sannan ya ce, "Shatu, shiga ki duba min. Yatsun wane launi ne?"

Ka ji fa. Mutumin da ya duba ƙafar dabba ba iyaka, ga ƙafar uwarsa taku uku daga inda yake, amma sai da ɗan aike. Shatu ta shiga ta fito.

"Biyu sun yi baƙi, Hamma," ta ce, don haka suke kiran wa a gidansu. "Kumburin bai kai idon sawu ba."

"Ce mata yau za mu tafi asibiti. Yanzu-yanzu."

Ya ji ana ƙus-ƙus a ciki. Ashe tun isowarsa Inna ta sa an ɗaga mata gefen asabari ta ga abin da ya zo da shi. Shatu ta fito tana kallon ƙasa.

"Ta ce wai a ina za ta zauna?"

"A kujera mana."

"Ta ce kai fa?"

"Ni ne direba, Shatu."

"Ta ce to ni fa, ina wurina?"

Shatu ta sake shiga ta fito. "Ta ce a bari sai an samu babbar mota mai baya."

Kawu Daudu, wan Inna, shi ne babba a rugar. Haladu ya same shi a gindin tsamiya yana tufkar igiya, ya zube ya yi masa bayani dalla-dalla, ya ce wannan ciwo ba ya jira, hawa yake, yau yatsa ne gobe ƙafa ce. Kawu ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba.

"Na ji ka, ɗana. Amma kai ma ka duba. Kafaɗa da kafaɗa da kai, tun daga nan har Kazaure, kowa na kallo? Matar da ko tabarma ba ta taɓa haɗawa da kai ba? Ai gara ka ce ta tuɓe a kasuwa. Ba ƙin ka take yi ba, kunya ce, da ita muka tashi. Kai da za ka sayi mota, me ya hana ka sayi irin ta mutane?"

Haladu ya kawo shawarar a ɗauke ta a kan gadon kara zuwa Gwiwa. Inna ta aiko cewa ba za a ɗauke ta a ka kamar gawa da ranta ba, kuma ko an kai ta, motar Gwiwa sai ranar kasuwa, saura kwana biyar. Ya ce to zai kawo wani direban ya tuƙa, shi ya zauna a ruga. Ta ce ita da baƙon namiji su biyu a mota? Wannan ma ya fi muni. Da la'asar ta yi, ya juya Kazaure shi kaɗai.

Washegari ya tarar motar ofis tana Babura wajen rigakafin shanu, sai mako mai zuwa. Ya shiga tasha yana bin direbobi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce, "Bayan Gwiwa a watan nan? Malam, ka rufa mana asiri." Wancan ya ce, "Ai kai ma mai mota ne, mu da muke ganin kana wulgawa." Aka kwashe da dariya. Da ƙyar da siɗin goshi wani mai akori-kura ya yarda, suka kama hanya, Haladu a gaba cikin jar motar, shi yana biye. Mil ɗaya da barin Gwiwa akori-kurar ta nutse a taɓo har ciki. Mutum goma sha biyu suka yi ta fama da ita tun azahar har rana ta yi ja, ko motsi. Mutanen da suka saba ɗaukar jar motar suna waƙa, su ne yau suka zube a gefen hanya suna haki. Direban ya zauna a kan tudu yana zagin kansa da ya biyo shi. A Gwiwa Haladu ya kwana.

Rana ta uku ya koma ruga da jar motar, don babu wata. Wannan karon bai aika Shatu ba, fuskarta ma ta isa.

"Ya wuce idon sawu, Hamma. Jiya da rana har ta ɗan kasa gane ni."

Ya je wurin Kawu ya zube. Bai kawo hujja ba, hujjojin sun ƙare. Ya ce, "Kawu, na gaji. Abin da nake da shi ke nan, na kawo." Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa.

Ashe da safen nan Kawu ya shiga da kansa ya ga ƙafar. Ya miƙe ya ɗauki adda, ya shiga jeji ya saro sanda biyu. Ya zagaya motar yana nazarin ta yadda yake nazarin saniya a kasuwa, ya sa Haladu ya naɗe rufin, ya cusa sanda ɗaya tsakanin kujerun daga baya, ɗaya ya ɗaure ta a jikin gilashin gaba. Ya ce Shatu ta kawo zane. Ta kawo baƙin saƙi mai kauri, ya ɗaure shi da igiyar da yake tufka, ya raba motar gida biyu. Sannan ya je ya tsaya a ƙofar bukka.

"Dela! Ga ɗaki biyu na yi. Ke da naki, mutumin Kazaure da nasa. Ba kya ganin sa, ba ya ganin ki. In kin ƙi wannan, ni kika ƙi, ni kuwa na girme ki."

Can aka ji ƙasa-ƙasa daga ciki, "To, Hamma."

Mata huɗu suka ɗauko ta. Haladu ya juya baya yana kallon shanu har aka gama. A nan motar ta yi wani amfani da ba wanda ya taɓa zato. Da yake kujerar a ƙasa take, ƙafa a miƙe, sai aka zaunar da Inna kamar a kan shimfiɗarta, aka tallafe ƙafar da tsumma, ba a lanƙwasa mata gwiwa ba. Aka yanke shawarar Shatu za ta biyo a motar kasuwa, kafin nan Rahamatu ta riƙe jinya. Haladu ya shiga nasa ɗakin, ya tayar da mota.

Ba ya ganin ta, amma yana jin numfashinta ta bayan zanen, guntu-guntu. Duk ramin da suka faɗa sai ya ji ta haɗiye nishi, shi ma sai ya ji a jikinsa. A rafi mutum takwas suka fito, Haladu ya tattare wando ya kama gefen da ba nata ba, suka ɗaga motar da ita a ciki suka ƙetare a hankali, ruwa har gwiwa. Yau babu waƙa. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Allah Ya ba ta lafiya, Malam," suka koma gonakinsu.

Da suka wuce Gwiwa suka hau burji, sai ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, inda suka dosa. Rufi a naɗe, kuma ba zai rufu ba saboda sandunan Kawu. Haladu ya taka totur. Motar, wadda ta yi kwana uku tana rarrafe a laka, ta miƙe. Iska ta cika zanen, ya fara kaɗawa fat-fat-fat yana dukan kafaɗarsa. Kawu ya san ɗaurin ɗan maraƙi, amma bai taɓa ɗaure abin da zai yi wannan gudu ba. Sandar baya ta karye, igiyar gaba ta kwance, zanen ya tashi sama ya faɗa cikin wata gonar gero.

Haladu ya ɗaga ƙafa daga totur ya kai ta kan birki.

"Hadari ya taso," in ji Inna.

Ba shi ta kalla ba, hanya take kallo. Amma babu Shatu a wurin, babu Kawu, daga shi sai ita sai gero. Maganar farko ke nan da ta fito daga bakinta ta shiga kunnensa ba ta bi ta kan kowa ba. Ya mayar da ƙafarsa kan totur.

Bai juya ba, wane shi. Amma gefen ido ba ya jin magana. Ashe ƙarama ce haka. Furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali, wuyanta duk jijiya. Kunnenta yana da ɗan lanƙwasa a sama, irin nasa sak, irin na ɗansa na biyu. Bai taɓa sanin inda suka samo shi ba sai yau.

Can gaba suka shiga gargada, sannan wani rami da ruwa ya rufe. Motar ta yi tsalle. Inna ta kai hannu neman abin riƙewa, hannunta na dama ya sauka a kan nasa na hagu da ke bisa giya. Ta damƙe. Zafi zau kamar garwashi, ga kaushin tatsa da daka. Ya jira ta janye. Hanya ta daidaita, ramin ya wuce, gargadar ma ta wuce, ba ta janye ba.

A giya ta uku yake. Gudun da yake yi na ta huɗu ne, injin yana kuka yana neman a canja masa. In ya canja sai ya motsa hannun, in ya motsa hannun ya san za ta tuna da kanta. Bai canja ba. Mil goma sha ɗaya ya yi a giya ta uku, ƙafa a kan totur, injin na ihu, allurar zafi na hawa, shi yana kallon ta yana ƙyale ta. Yayyafi ya fara dukan fuskokinsu. A ransa yana roƙon Allah su isa da wuri, a ransa kuma yana jin kunyar cewa ba ya son hanyar ta ƙare.

Da duwatsun Kazaure suka bayyana, gidajen farko suka matso, sai ta zare hannunta ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya sa giya ta huɗu a lokacin da ba ta da sauran amfani. Suna shiga harabar asibiti ruwa ya kece, motar na hayaƙi.

Likitan bai ɓoye masa komai ba. Ya ce da shekaranjiya aka kawo ta, da yatsu kawai za a cire. Da kuma an ƙara kwana ɗaya, da ba zancen ƙafa ake ba. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Haladu bai riƙe maganar likita ta biyu ba, ta farko ya riƙe. Shekaranjiya. Ranar da ya zo da mota mai kujera biyu ya tsaya a ƙofar bukka. Da irin ta mutane ce, da Inna ta shiga baya ita da Shatu tun da hantsi, da yanzu tana da ƙafarta. Bai tsaya ya tuna cewa irin ta mutanen ba za ta ƙetare rafin ba. Mai neman abin da zai ɗora wa laifi ba ya dogon tunani. Ya tsani motar, ko kallon ta ba ya son yi.

Sama'ilu ya buɗe injin ya riƙe baki. "Malam, wa ya koya maka tuƙi? Ka dafa ta da ranta! A giya ɗaya ka taho ne?" Haladu ya ce ya gyara abin da zai gyaru. Da ta tashi, wani ɗan Alhaji daga Kano da ya daɗe yana zuba mata ido ya zo suka yi musaya, ya ba shi wata tsohuwar mota mai ƙofa huɗu, kujerar baya mai faɗi, sitiyari a hagu yadda hukuma ke so. Garin duk aka yaba. Dattijan bakin kasuwa suka ce yanzu Malam ya yi hankali. Rahamatu ta zuba yaran a baya aka zaga gari. Shi dai ya ji sauƙin bakin mutane, ban da wannan bai ji komai ba.

Sai bayan ƙaramar salla aka sallami Inna. Ruwa ya ɗauke, rafi ya ja baya, an fara yankan gero. Shatu da Rahamatu suka turo ta a keken asibiti har bakin mota. Haladu yana tsaye nesa kaɗan ya ba su baya, amma ya ga inuwarta a gilashi. Kafin a ɗaga ta ta dubi harabar, dama da hagu, kamar mai neman wani abu. Aka sa ta a baya, Shatu ta zauna kusa da ita, yadda ya kamata tun farko. Sandunan da asibiti suka ba ta ba su shiga bayan ba, aka jingine su a kujerar gaba.

Suka kama hanyar Gwiwa. Motar na tafiya lafiya lau, ba tsalle, ba iska. Shatu na ta ba da labarin ruga, wace saniya ta haihu, wa ya yi baƙo. A haka har suka zo daidai gonar nan da zanen ya faɗa. An yanke geron, sai karmami.

"Shatu," in ji Inna, "tambayi mutumin Kazaure, ina jar?"

"Hamma, wai ina jar motar?"

"Na rabu da ita," in ji Haladu. "Ce mata wannan ta fi. Kowa da wurinsa, ba wanda zai takura."

Shatu ta maimaita, ko da yake ba kurma a motar. Har ya zaci maganar ta wuce.

"Ayya," in ji Inna a hankali. "Ni da na ce ita za ta mai da ni."

Shatu ta yi dariya. "Kai, Inna! Wannan mai faɗi haka? Waccan da ko ni ba ta da wurina?"

Shi kuwa Haladu, maganar Inna ce ta tsaya masa a rai. Mako bakwai yana gaya wa kansa tsoro ne ya sa ta riƙe shi, zazzaɓi ne, ba ta cikin hayyacinta. Ashe tana sane. Ashe ita ma kwanakin nan tana kwance tana jiran hanyar komawa, shi kuwa ya je da hannunsa ya ba da motar, aka yi masa barka. Ya so ya yi magana, ya rasa ta bakin wa zai aika ta.

Inna ta ƙara shekara tara a duniya. Ya ɗauke ta a mota ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, asibiti, biki, gaisuwar mutuwa, kullum a baya, kullum da Shatu. Amma wannan duk daga baya ne. A ranar dai ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya ci gaba da tuƙi, sandunan na kaɗawa a kujerar da ke gefensa, har suka isa rafi suka ƙetare ba wanda ya fito ɗaukar su.